Shatin Haƙoran Filaya

Insfekta bai ko zauna ba Saje ya ajiye masa fayil a kan tebur.

"Yallaɓai, gobarar jiya da rana ce. Mutum ɗaya ya rasu, tsoho ne mai shanyewar ɓarin jiki, hayaƙi ya turnuƙe shi a ɗakinsa na sama. 'Yan kwana-kwana sun ce daga wayoyin sola na kan rufi wutar ta taso."

"Wa ya haɗa solar?"

"Surukin mamacin ne, mijin autarsa. Yana bayan kanta tun jiya. Da ba mu ɗauke shi ba, da mutanen layin sun yi masa illa."

Mai ƙara na zaune a benci, babban ɗan mamacin, wanda kowa a gidan ke kira Yaya Babba. Ƙato ne, idanunsa sun yi jawur, muryarsa ta dishe. Yana ganin Insfekta ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a bi mana haƙƙinmu. Wannan mutumin ya kashe mana uba. Ya zo da iyayi da ƙaryar ƙwarewa, ya jona mana wuta a ka."

"Yaushe ya yi aikin?"

"Bara."

"Tun daga lokacin wani ya sake hawa rufin?"

"Ko tsuntsu bai sauka ba. Shi kaɗai ya taɓa wayoyin nan."

Insfekta ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi. Shi dai a aikinsa ba ya son amsar da ta zo da sauri haka.

Aka fito da wanda ake zargi. Siriri ne, gefen bakinsa a kumbure. Abokan sana'arsa Mai Tsada suke ce masa, don ba ya sayen kayan aiki sai masu tsada, kuma tsokana ce ta bi shi har ta zama suna. Matarsa, Auta, na tsaye a bakin ƙofa rungume da jakar kayan aikinsa. Jiya ta rasa uba, yau kuma mijinta ake shirin kaiwa kotu da laifin kisa. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san ba ta runtsa ba.

"Farantin sola nawa ka ɗora?" in ji Insfekta.

"Takwas, yallaɓai."

"An ce wayarka ce ta kama wuta."

"In tawa ce, a yi min duk abin da doka ta ce. Amma a ba ni jakata in nuna maka abu ɗaya."

Ya ciro wani ƙarfe mai kama da filaya, sai dai ya fi ta nauyi, bakinsa da ramuka uku. Ya fere kan waya, ya ɗauko ɗan tsinken ƙarfe mai kunnuwa biyu, ya zura wayar, ya matsa. Ƙarfen ya yi ƙas-ƙas-ƙas, sannan ya saki da kansa.

"Wannan ita ce kirimfa, abin matse kan waya. Ka ga kunnuwan nan? Naɗe su take yi su shige cikin wayar, kuma ba ta saki sai ta kai ƙarshe. Tsinken nan shi ke shiga cikin mahaɗin roba da ke jona faranti da faranti. Ja ka gani."

Insfekta ya ja, ko motsi. Ya miƙa wa Saje, shi ma ya ja har jijiyar wuyansa ta fito.

"To in mutum ba shi da ita fa?"

"Sai ya sa filaya, ya latse kunnuwan kawai. A ido ya yi kyau. Amma wayar na rawa a ciki, rana na take sai wurin ya ɗau zafi, robar ta narke, wuta ta fara tsalle. Ita wutar sola in ta fara tsalle ba ta tsayawa sai rana ta faɗi." Ya ajiye kirimfar. "Yallaɓai, Baba ne fa. Shi ya ɗauki 'yarsa ya ba ni ina faƙirin mai gyaran wuta. Ni zan yi wa ɗakinsa aikin filaya?"

"Ba a nan ake rantsuwa ba. Saje, mayar da shi."

Auta ta bi mijinta da ido har aka rufe ƙofa.

Gidan bene ne a ƙarshen layi, har lokacin ƙauri bai bar shi ba. Aka kafa tsani. Insfekta ba ya son hawa sama ko kaɗan, amma ya cire hula ya hau, Saje na biye yana ta addu'a a ƙasa-ƙasa.

Faranti takwas ne cif, uku sun ƙone. Insfekta ya sa Saje ya kwance mahaɗi huɗu daga waɗanda suka tsira. Duk huɗun kunnuwansu a naɗe suke tsaf, irin wanda aka nuna masa a ofis.

Sai ya matsa gefen da kwanon ya fi baƙi. Nan ya tsaya cak. A tsakiyar baƙin hayaƙin akwai wuri biyu masu kusurwa huɗu, fes da su, kowanne daidai girman faranti. A kusurwoyinsu ga hudar noti sabuwa tana ƙyalli.

"Saje, me ka gani?"

"Kamar an ɗauke wani abu, yallaɓai."

"Bayan wutar ta mutu aka ɗauke. Da kafin ta tashi ne, da nan ma ya yi baƙi."

Ya durƙusa ya bi indararo da yatsa, cikin toka da ruwan 'yan kwana-kwana. Can ya tsinto dunƙulen roba da ya narke. Ya fasa shi da wuƙa. Tsinken da ke ciki a latse yake kamar an taka shi, ga shatin haƙoran filaya a jere a bayansa. Ya ɗan taɓa wayar, sai ta zare a hannunsa.

Ransa ya ɓaci. Ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba, shi ya ci ran mutum. Ya sa shi a ledar kayan shaida ya sauko.

A falon ƙasa ya tarar da Auta, ta dawo daga ofis ta zauna ita kaɗai a gefen kujera. Ya tambaye ta batun na'urar sanyaya ɗakin da ya gani a ƙone a bangon tsohon.

"Yaya ne ya sayo, makon jiya. Zafi na hana Baba barci, bayansa har ya fara gyambo."

"Mijinki ya sani?"

"Ya sani. Ya ce faranti takwas ba za su ɗauke ta ba, a jira ya gama wani aiki da yake yi a wajen gari, ya zo ya ƙara."

"Aka jira?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ba a gidan nan nake kwana ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. An kunna na'urar ko ba a kunna ba?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

Ƙarya take yi, kuma ba ta iya ba, duk ta bi ta murɗe gefen mayafinta. Insfekta bai matsa mata ba. Ya san abin da ke cinta: in ta buɗe baki ta ɗaure wanta, in ta yi shiru ta ɗaure mijinta. Ya tausaya mata, amma tausayi ba ya rufe fayil.

Shagunan kayan sola uku ne a babban titin da ke kusa. A na uku suka dace. Mai shagon mace ce mai baki, ga tabarau a kan hanci. Insfekta ya kwatanta mata Yaya Babba.

"Ƙaton nan? Ai ba zan manta da shi ba. Faranti biyu ya ɗauka, da waya da mahaɗai. Na ce wa zai haɗa maka, ya ce shi da kansa, wai ya kalli yadda ake yi a wayar salula, ba wani abu ba ne."

"Kin ba shi abin matsewa?"

"Na ɗauko masa mai kyau, ya ji kuɗin ya yi tsalle kamar na mare shi. Na ce to ga matsakaiciya, ita ma tana yi, in dai bakinta ya dace da tsinken. Aiki ɗaya ne, ba sai ka sayi ta manya ba. Ya ƙi. Na ce to ka aro mana. Sai ya yi dariya ya ce kirimfa ai filaya ce da ta yi boko, wai surukinsa ne kawai ake cuta da irin wannan." Ta cire tabarau, fuskarta ta canza. "Yallaɓai, ba dai gidan da ya ƙone jiya ba?"

Insfekta ya mayar da bironsa aljihu. Ya ce ta zo ofis da la'asar ta ba da jawabi.

Da suka koma gidan mamacin, a gareji Saje ya yaye wani tamfol, sai ga faranti biyu, gefensu ya sha hayaƙi, an yanke wayoyinsu da almakashi.

Da la'asar Insfekta ya tara su a ofishinsa. Yaya Babba a kujera, Mai Tsada a tsaye kusa da Saje, Auta a jikin bango. Ya ajiye tsinke biyu a kan farar takarda, naɗaɗɗen da latsattsen.

"Ka ce min ko tsuntsu bai sauka a rufin ba."

"Haka na ce."

"Wane ne ya ɗora faranti biyun da ke garejinka?"

"Na saya ne na ajiye, ina jiran wannan ya zo ya haɗa."

"A gareji suka sha hayaƙi?"

Insfekta ya ci gaba da jero masa tambayoyi.

"Wa ya huda kwano? Wa ya hau bayan 'yan kwana-kwana sun tafi ya kwance su? Ka kwashe komai, amma wannan ya faɗa indararo ba ka gani ba." Ya tura masa latsattsen tsinken. "Mai shago na waje. In shigo da ita, ko in aika a ɗauko filayarka mu gwada haƙoranta?"

Yaya Babba ya buɗe baki zai yi musu. Auta ce ta riga shi.

"Yaya, ya isa." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Ranar Talata na zo da abincin Baba, na gan ka a kan tsani. Tun jiya nake jira ka faɗa da bakinka. Ka bar su suka dake shi a gabana, Yaya. Kai ka fara nuna shi."

Ƙaton nan sai ya zube kamar an zare masa laka. Ya dafe kai da hannu biyu, kuka ya ƙwace masa.

"Zafi yake ji. Kullum in na shiga sai in tarar da shi sharkaf da gumi, yana kallona, ba ya iya magana. Na ce ba zan jira kowa ba. Na haɗa, na kunna, ɗakin ya yi sanyi, wallahi har murmushi ya yi min. Kwana uku yana barci mai daɗi." Ya ja numfashi. "Da na ga hayaƙi daga daidai inda na yi aikin, na san ni ne. Mutane suka taru suna tambaya wa ya haɗa, wa ya haɗa. Na kasa cewa ni na kashe ubana. Sai bakina ya kira shi."

Saje ma da ya saba ganin irin wannan ya kawar da kai.

"Kuskuren farko kotu za ta duba shi," in ji Insfekta. "Amma ɓoye shaida da ɗora wa wani laifin kisa, wannan da saninka ka yi. Saje, rubuta jawabinsa. A saki wannan."

Mai Tsada bai yi murna ba. Ya tako a hankali har gaban surukinsa, ya tsaya yana kallon tsinken da ke kan takarda.

"Yaya, ina da kirimfa guda biyu fa. Ɗaya tana gida a rataye, Auta ta san wurin. Ko waya ka yi min, da na ce a kawo maka, in faɗa maka ramin da za ka sa. Minti biyar ne."

Yaya Babba bai ɗago ba.

"Na ɗauko waya zan kira ka," ya ce. "Sai na tuna shekara nawa ina yi maka dariya a kanta. Na ji kunya."

Saje ya sa masa ankwa, ya kama hannunsa. Da suka zo wucewa ta gaban Auta ya tsaya, yana so ta dube shi ko sau ɗaya.

"Auta..."

Ta ɗago jajayen idanunta.

"Kunyar mijina ka ji, Yaya, shi ya sa yau ba mu da uba."

Saje ya ja shi suka fita.