Murafun Kwalba a Motar Amosa

Wata ranar Juma'a, motar da ke zuwa kasuwar Salelologa ta cika har mutane na zaune a cinyar juna, sai direba ya taka birki saboda wata uwar alade da ta tsallaka titi da 'ya'yanta. Leda ta suɓuce daga hannun Losa. Murafun kwalba fiye da hamsin suka watse, suna gangarawa ƙarƙashin kujerun katako.

Direban ya ja gefe, ya rage kiɗa, ya durƙusa yana taya ta tsinta. Dogo ne, da tabon ƙuna a bayan hannu. Ya juya murfi ɗaya, ya ga an rubuta harafi a cikinsa da farin fenti.

"Baiwar Allah, wannan kuma kuɗin wace ƙasa ne?"

"Bakin mahaifina ne," in ji Losa. "Ba ya iya magana. Da su yake jera abin da yake so. Sun koɗe, fenti zan sayo."

Ya daina murmushi, ya ci gaba da tsinta a hankali.

"Sunana Amosa," ya ce da ya miƙa mata na ƙarshe.

Ba ta san abin da ya sa ba, sai ta zaɓi murafu biyar ta jera a gaban sitiyari: AMOSA. Ta sa yatsa ta sauya musu wuri, suka zama SAMOA, sunan ƙasarmu.

"Ashe ƙasar gaba ɗaya ce ke tuƙa mu," ta ce.

Motar ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa gilashi da kwabo ta ce, "To ƙasa ta tashi mu tafi, kifina zai lalace."

Wasan juya suna na mahaifinta ne, Malaki, tsohon shugaban makarantar firamare ta ƙauyenmu. Shi ya koya mata tun tana ƙarama. Tana shekara ta biyu a kwalejin malamai a Apia, babban birni da ke wani tsibirin, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta hau jirgin ruwa ta dawo da niyyar yin sati biyu. Shekara shida ke nan. Yayyenta uku duk suna ƙasar waje, a birnin Auckland, suna bugo waya ranar Lahadi su ce, "Allah ya yi miki albarka, ƙanwa, ke ce ƙashin bayan gidan nan." Ita ke ɗaga shi, ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Gidan ba bango, ginshiƙai ne da rufi, duk wanda ya wuce yana ganin inda take da abin da take yi. Fitarta ɗaya a sati, ranar Juma'a, kuma mahaifiyarta Peka ta san ƙarfe nawa mota ke dawowa.

Juma'ar da ta biyo, Amosa ya ba ta wata takarda a naɗe. A ciki akwai murfin L da ya maƙale a ƙarƙashin birki, da lambar waya.

Ta yi kwana uku kafin ta rubuta: "Na gode da L. Sunana Losa."

Washegari amsa ta zo: "Na yini ina juya sunanki a kaina har na wuce fasinja biyu. Abu ɗaya na samu: SOLA."

Sola a harshenmu gudu ne, irin na wanda ya tsere daga gida. Losa ta daɗe tana kallon wayar.

"Na san da shi tun ina 'yar shekara tara," ta rubuta. "Da abin dariya ne. Yanzu da shi nake tashi kullum."

"To ni na fi son yadda aka jera shi tun farko. Losa ai fure ne. Furena."

"Ka kalli titi, Ƙasata. Aladu na nan."

Wata biyar suna haka. Ya riƙa ajiye mata kujerar bayan direba. A kasuwa yakan sayo mata fanke mai zafi, su tsaya a inuwar mota minti goma, ba ƙari. Idan yana son tsokanarta sai ya kira ta Sola, ta harare shi.

Wata ranar Laraba tana yi wa Malaki wanka, wayarta ta yi ƙara a kan tabarma. Peka ta ɗauka ta karanta: "Sola, Juma'a mu haɗu a bakin jirgin ruwa ƙarfe goma. Kada ki makara."

Wajen masu fanke yake nufi, don sun koma bakin jirgin da sana'arsu. Amma Peka ta ga gudu, ta ga jirgi, ta ga ƙarfe goma.

"Tina, wasa ne," in ji Losa, don haka take kiran mahaifiyarta. "Sunana ne ya juya."

"Na haifi huɗu, uku sun hau wannan jirgin. Kina so in zauna ina kallo ɗan mota ya ɗauke min ta huɗun?"

Ranar Litinin Peka ta kai maganar gaban hakiman ƙauye. Suka yanke cewa motar Amosa kada ta ƙara tsayawa a cikin ƙauyen, cefanen Juma'a kuma wata 'yar uwa ta riƙa yi. Peka ta kulle wayar a akwatin da take ajiye tabarmin biki.

Sati biyu Losa na ganin motar tana wucewa, ja da rawaya, ba tsayawa, ba ko ham. Daga nan ta ga wani direba a ciki. 'Yar uwar da ke cefane ta kawo labari cewa an ga sunan Amosa cikin waɗanda za su tafi tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya.

Losa ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da ɗagawa, da wanka, da goge gwaza. Da yamma idan aka busa ƙahon addu'a kowa ya zauna a gidansa, sai ta zauna tana kallon teku ta tsakanin ginshiƙai. Wanda ta kira ƙasarta zai tafi, ita da sunanta ke cewa gudu tana nan.

Da Kirsimeti Sami ya zo hutu daga Auckland. Ɗan ƙawar Peka ne, yana aiki a ma'ajiyar kaya, mutum mai fara'a da turare mai ƙarfi. Peka ta dafa masa koko da kanta. A zuwansa na uku ya fito da maganar.

"Losa, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ina son aure, ke kuma kina ruɓewa a nan. Mu ɗaura, in yi miki takardu, kafin shekara kina can."

"Mahaifina fa?"

"Shi ba za a ba shi takarda ba, kin sani. Gwaggonki ta karɓe shi."

Peka ta sunkuyar da kai. Ita ma ta san wannan tafiya ce, amma tafiya da biki da izini, wadda za ta iya faɗa a coci ba kunya.

Losa ta jawo murafu huɗu don hannunta ya samu abin yi. Ta jera SAMI, wato teku. Ta juya: MASI, biskit. Ta sake: SIMA, siminti. Ta sake: MISA, rigima.

Sami ya yi dariya. "Wanne ne ni a ciki?"

"Ban sani ba tukuna. Ka ba ni sati ɗaya."

Da ya tafi, Malaki ya buga ƙasa da hannunsa mai lafiya, alamar yana son murafu. Ya daɗe yana tura su da yatsa mai rawa. Uku ya jera: ALU. Tafi.

A nan ne Losa ta yi kukan da ta riƙe wata biyu. Shekara shida tana jiran wani ya faɗa mata wannan kalma. Da aka faɗa, ta duba zuciyarta ta ga ba Auckland a ciki, ba Sami. Washegari ta gaya wa Sami gaskiya. Ya ce, "To ashe biskit ne ni, an tsoma a shayi na narke." Ya yi mata fatan alheri, ya koma a ranar da ya tsara.

Peka ta yi kwana huɗu ba ta yi mata magana ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ga mota ja da rawaya ta tsaya daidai kan iyakar ƙauye, inda doka ta ƙare. Amosa ya sauko da farar riga, ya riƙo hannun wata tsohuwa, kakarsa da ta rene shi. Suka tako a ƙafa cikin rana, ƙauyen duka na kallo. Suka zauna a bakin tabarma, ya naɗe ƙafafu, ya sunkuya.

"Tina, na zo ba da haƙuri. Na yi wasa da kalmar da bai kamata ba, a gidan da ta yi wa ciwo."

"An ce za ka Ostireliya," in ji Peka, ba ta kalle shi ba.

"Na rubuta sunana da aka canja min hanya, don na kasa jure rashin ganinta. Da aka kira ni, na ce su ba wani."

Losa na bayan ginshiƙi, hannunta a kan baki.

"Me ka zo nema?"

"'Yarki. Amma ba zan ɗauke ta ba. Ni zan dawo nan in zauna. Ɗaga Baba da wankansa su dawo kaina, safe kafin in fita, yamma idan na dawo. Ita ta koma Apia ta ƙarasa karatunta, ta riƙa dawowa duk Juma'a."

Peka ta ɗago. "Wato dai tafiyar za ta yi."

"Za ta je ta dawo, Tina. Ni zan ɗauko ta daga bakin jirgi."

Kakarsa ta gyara zama ta ce, "Peka, kaza ma idan ka ɗaure ƙafarta shekara shida, ƙwai take dainawa. Wannan yaron shi ya yi jinyar kakansa har ya rufe masa ido. Ki gwada shi."

"Zan gwada shi kuwa," in ji Peka. "Lokacin wanka ya yi. Ga shi can."

Amosa ya cire farar rigarsa ya ninke. Ya durƙusa ya gaida Malaki, ya sa hannu ƙarƙashin bayansa da gwiwoyinsa, ya ɗaga shi kamar yadda ake ɗaga jariri. Tsohon ya kafe shi da ido har bayan gida.

Wata uku yana zuwa kafin Peka ta koma gaban hakimai ta nemi a janye dokar. Bai taɓa fashi ba, ko ranar da ruwan sama ya cinye hanya ya zo a jiƙe. A sati na shida ta fara ajiye masa koko. A na tara ta buɗe akwati ta miƙa wa Losa wayarta.

Saƙo na farko da Losa ta tura: "Ƙasata, Tina ta ce ka rage sabulu, tsohon ba mota ba ne."

"Furena, gaya mata na ji. Ke kuma ki gaya min, kin yarda? Na tambayi kowa ban da ke."

Ta karanta sau uku. Tunda ta dawo ƙauyen nan ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda da wani abu.

"Na yarda," ta rubuta.

An ɗaura auren a watan Mayu. Yayyenta uku duk suka zo, babban ya ga yadda Amosa ke ɗaga mahaifinsu ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. An gasa aladu bakwai, an shimfiɗa tabarmin biki har bakin titi. Direbobin hanyar Salelologa suka jera motocinsu a gaban coci suna ham har limamin cocin ya leƙo ya ɗaga musu hannu. Malaki na gaba a kujera, da farar kwat ɗinsa ta shugaban makaranta.

Bayan an ci an sha, aka sa kiɗan amarya. Losa ta fito tsakiya tana rawa a hankali, dangi na zagaye ta. Sai ga Peka, wadda ba a ga ta taka rawa ba tun ranar da mijinta ya faɗi, ta miƙe ta ɗaure zane ta shiga fili. Ta kama hannun 'yarta, ta kama na Amosa, ta haɗa su, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Na riƙe ki da yawa, 'yata, don tsoro nake ji. Ki je ki yi karatunki. Allah ya tsare miki teku, zuwa da dawowa. Kai kuma ɗana, yadda ka ɗauki mijina, Allah ya ba ka 'ya'yan da za su ɗauke ka."

Jama'a suka amsa da amin.

Ranar Litinin da safe Losa ta hau jirgin farko zuwa Apia da jakar littattafai. Amosa ya tsaya a bakin ruwa har jirgin ya yi nisa, sannan ya duba agogo ya koma mota, don fasinja na jira, surukarsa kuma ta ce ya sayo mata albasa.