Hoton Shaho da Ɗan Tsakon Kaka

An yi wata yarinya mai saurin fushi, kawunta ya ba ta kyamara. Ba abin da take so ta ɗauka kamar shahon da ke zuwa bayan gidansu. Amma kakarta ta rina 'yan tsakinta da jar galura don kada shaho ya gane su. Shaho ya zo, ya yi shawagi, ya wuce. Washegari ma ya zo, ya yi shawagi, ya wuce.

Yarinya ta fusata, ta ce, "Rinin nan na Kaka ne ya hana shi sauka!" Ta faki ido, ta wanke ɗan tsako ɗaya fes, ta ajiye shi a fili, ta laɓe.

Shaho ya zo. Bai yi shawagi ba, bai wuce ba. Ya sure ɗan tsako, ita kuwa ta ɗauki hotonsa.

Ta ruga tana murna. "Kaka, dubi fukafukansa!"

Kaka ta ga abin da ke cikin faratan shahon a hoton. Ta daka mata tsawa, "Ba ni za ki nuna wa ba, ja'ira! Ga uwarsa can tana ta kiransa. Je ki nuna mata."