Hodar Idon Lantana

Duk wanda ya san Tanout a shekarun da suka biyo bayan babban fari, lokacin da ruwa ya dawo rumbuna suka sake cika, ba zai manta gidan Inna Hadiza mai man gyaɗa ba. Tun daga bakin masallacin unguwa kake jin ƙamshin ƙuli-ƙuli. A ɗakin da ke jikin madafa, nan Lantana, ƴar autar gidan, take zama kowace safiya da madubinta mai tsaga a gefe, da wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba.

Yayarta Balki ce ta kawo mata shi daga Damagaram, inda take auren wani ma'aikacin gidan waya. Hodar ido ce kala uku, kuma ba shuɗi ko kore irin na ƴan gayun birni ba. Ɗaya launin soyayyar gyaɗa, ɗaya launin ƙasar tukwane, ta ukun ta ɗan yi duhu kamar ƙuli-ƙulin da ya jima a wuta.

"Rufe idon mana! Sai motsi kike kamar za a yi miki allura," in ji Balki ranar da ta koya mata.

"Yaya, tsoro nake kar a gane."

"Wa zai gane? Ai amfaninta ke nan. Ki fara da mai hasken, da kan ɗan yatsa, ki bi fatar idon duka. Dusma-dusma, ba daɓe kike yi ba! Sai ki ɗora ta tsakiyar a kan wurin. Mai duhun kuwa a lanƙwasar ido kaɗai, sannan ki yi ta murzawa har ki rasa inda wannan ta tsaya da inda waccan ta fara. Ɗaya idon ma haka, don su zo daidai. Kwalli a ƙarshe. Wala! Duba madubi."

Wurin da Balki ke nufi wani farin tabo ne da ya taso daga fatar idon hagu ya gangara gefen fuska. Lantana tana shekara tara, suna Falanko kafin fari ya koro su, ta leƙa kaskon suya mai ya fallatso mata. Allah ya tsare idon, amma fatar ta warke fari fat. Tun daga nan take janyo kallabi har gira, tana tafiya kai a sunkuye. Da ta dubi madubi ran nan ta ga fuskarta sumul, babu alamar an shafa komai, sai ta fashe da kuka, dole aka sake aikin daga farko.

Abin ya zame mata jiki. Alwala na wankewa, tana idar da salla ta sake shafawa. Inna Hadiza kan yi mata tsiya: "Ke dai salla biyar, kwalliya biyar. Allah ya sa mijin ya zo kafin akwatin ya ƙare."

Ya kuwa zo. Sunansa Yahuza, ɗan Ollelewa, malamin allurar dabbobi, mai yawo a kan mobilet, wato ɗan ƙaramin babur, tsakanin Tanout da rugagen Tenhya. Ƙuli-ƙulin guzuri ya fara zuwa saye. Kafin wata biyu yana sayen abin da mutum biyar ba za su iya cinyewa ba, har makiyaya suka sa masa suna Mai Ƙuli. Bayan la'asar yakan jingine mobilet ɗin a gindin bishiyar bedin ƙofar gida, Lantana ta fito da tabarma da ƙwaryar ruwa. Zancen wancan zamani ke nan, ita a wannan gefe shi a wancan, ana wasa da tsinke a ƙasa, amma zuciya cike.

"Lantana, na zaga Damargu kaf, ban ga idanu masu kwanciyar naki ba."

Duk lokacin da ya faɗi haka sai ta tuna akwatin hodar. Sau uku tana buɗe baki za ta gaya masa, sau uku tana haɗiye maganar. Ta aika wa Balki, amsa ta dawo a ƴar takarda: "Kar ki kuskura. Bari a ɗaura tukuna." Ita ma Balki ba mugunta ba ce, son ƙanwa ne ya rufe mata ido.

Yahuza ɗan fari ne. Mahaifiyarsa, Iya Rahamatu, irin matan zamanin da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan," kuma in ana maganar aurensa tashi take ta ba da wuri. Don haka da lokacin ganin yarinya ya yi, ƙanwar mahaifinsa aka turo, Gwaggo Jika, mace mai ido kamar na shaho da baki ba linzami.

Da farko komai ya tafi daidai. Gwaggo ta yaba shara, ta yaba gaisuwa, ta ce a ajiye mata furar da aka kawo mata sai an yi salla. Da aka kira azahar Lantana ta kawo mata buta, za ta zagaya bayan ɗaki da tata.

"Ina za ki? Tsuguna nan kusa da ni in ga alwalarki. Mu gidanmu ba ma ɗaukar wadda ba ta iya ba."

Ba yadda za ta yi. Ta wanke fuska sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ruwa mai launin ƙasa ya gangaro a kumatunta. Da ta ɗago kai, Gwaggo Jika ta yi sototo da buta a hannu.

"La'ilaha illallahu! Mene ne wannan a idonki?"

"Ƙuna ce, Gwaggo. Mai ne ya..."

"Ƙuna? In ƙuna ce, me ya kawo ɓoyo?"

Inna Hadiza ta fito da gudu tana rantsuwa, amma ina! Gwaggo ta yi sallarta a gurguje, ta yafa zane, ta fita. Furar tana nan a rufe da faifai, ko kallonta ba ta yi ba.

Kwana uku tsakani saƙo ya zo daga Malam Attahir, mahaifin Yahuza: a dakata. Kafin sati labari ya cika gari cewa ƴar mai mai albaras gare ta, wasu ma suka ce farkon kuturta ne. A bakin rijiya, matan da jiya suke sha da moɗa ɗaya da ita suka koma ɗauraye igiyar guga in ta taɓa.

Yahuza ya zo da yamma, bai ko kashe mobilet ɗin da kyau ba. Lantana ta fito da fuskarta yadda Allah ya bar ta. Ya daɗe yana kallonta.

"Wannan ne duka?"

"Shi ke nan."

"Ni da nake duba fatar dabba da ta mutum kullum, kina jin ban san ƙuna ba? Wallahi tabon bai dame ni ba, Lantana. Abin da ya ƙona mini rai, shekara guda muna zaune a gindin bedin nan, ba ki yarda da ni ba. Da kin gaya mini, da ni zan fara kai maganar gida da bakina. Yanzu Gwaggo ta riga ni."

Hawaye suka zubo mata. "Tsoro na ji kar ka tafi."

"Na ce da Baba mu je asibiti wurin lokotoro ya duba ki ya ba da takarda. Ya ce takarda ba ta wanke jini, shi ba zai haɗa zuri'a da ciwo ba." Ya sauke numfashi. "An mai da ni Belbeji da aiki. Ba zan tsallake maganar Baba ba. Amma ki sani, ba zan nemi wata ba."

Daga ranar Lantana ta naɗe akwatin a tsumma ta jefa cikin ƙasan kwalla. Balki ta taso daga Damagaram tana kuka. "Ni na cuce ki, ƙanwata. Zo mu tafi birni, can ba wanda ya san ki."

"Ba inda za ni, Yaya. Ɓoyo ya ishe ni."

Ta ɗaure kallabinta can baya, ta ci gaba da zuwa rijiya da kasuwa, kai a ɗage. Ba ta zagi kowa ba, ba ta je gidan kowa roƙo ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Wani lokaci direban kamiyon Belbeji yakan tsaya a ƙofar gida ya ce an aiko shi sayen ƙuli-ƙuli, ba ya faɗin wanda ya aiko, ita ma ba ta tambaya. Ta dai kan zaɓo masu kyau.

Da kaka aka yi suna a Falanko, gidan dangin Inna Hadiza, aka roƙe su su zo su fitar da man biki. Mai jegon ƴar Ollelewa ce, don haka mata sun zo daga can da yawa. Lantana ta ja turminta gefe ita kaɗai, tunda ta lura ana ja da baya in ta matso. Tana cikin juya tunkuza tana yayyafa ruwan zafi, mai na tsattsafowa, sai wata dattijuwa siririya ta zo ta tsaya a kanta.

"Sannu ƴan mata. Wa ya koya miki wannan hannu? Rabon da in ga mai ya fito garau haka tun ina amarya."

"Innata ce, Iya."

Dattijuwar ta sunkuyo, ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen haske, ba ƙyama ba tsoro.

"Ayya! Kasko kika leƙa, ko? Ga inda ɗigon ya sauka, ga inda ya gangara. Kina ƙarama ne?"

"Shekarata tara."

"Duba nan." Ta janye mayafinta. Hannayenta biyu, daga wuyan hannu har gwiwa, duk ɗigo-ɗigon farin tabo ne. "Shekara talatin ina suya. Duk macen da ta ci abinci da kasko tana da irinsa. Ƴar gidan wa ce ke?"

"Ƴar Hadiza mai mai ce, ta Tanout. Lantana."

Dattijuwar ta saki haɓar a hankali. Ta zauna daɓas a kan wani turmi da ke kife, ta rufe baki da hannu.

"Ke ce? Ke ce wadda Jika ta ce..." Ba ta ƙarasa ba. Idanunta suka ciko. "Wata takwas yaron nan ba ya cin abincin kirki. Ni kuwa ina zaune ina kunya, ban taka na zo na gani da idona ba."

Sai a lokacin Lantana ta gane a gaban mahaifiyar Yahuza take. Ta durƙusa. Iya Rahamatu ta ɗebo tunkuza mai ɗumi daga hannun yarinyar, ta ci a gaban matan Ollelewa duka, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru washegari a Ollelewa, har yau tsofaffin garin suna ba da labarinsa. Malam Attahir yana zaure da ƙannensa da Gwaggo Jika, sai ga Iya Rahamatu ta yi sallama ta shigo, ita da ba ta taɓa taka zauren ba in maza na ciki.

"Malam, magana gare ni a kan auren nan."

"Ke? A kan ɗan fari?"

"Ni." Ta miƙa hannayenta gabansa. "Shekara talatin kana cin tuwon hannun nan. Albaras ne?"

"Haba, wannan ai ƙunar mai ce."

"To irinta ce a idon yarinyar. Na gani, na taɓa, na ci daga hannunta. Jika ba ta taɓa suya ba, ina za ta sani?"

Gwaggo Jika ta zaburo. "To don me ta ɓoye?"

"Ta yi kuskure, ta kuma sha wuyarsa. Amma ki dubi abin da muka yi mata da muka gani, sai ki gaya mini ko tsoronta na banza ne." Ta juya ga mijinta. "Malam, ban taɓa roƙonka komai a kansa ba. Yau na roƙe ka. Ka ba Yahuza matarsa."

Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Malam Attahir ya sunkuyar da kai, sannan ya ce da ƙaninsa, "Jibo, a nemo goro. Gobe za mu Tanout ba da haƙuri."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Gwaggo Jika da kanta ta wanke amarya, ta kuma shanye ƙwaryar fura guda a gidan Inna Hadiza, wai tana rama ta bara. Da aka zo kwalliya, Balki ta tono akwatin daga ƙasan kwalla tana ɗari-ɗari. Lantana ta ce a tambayo ango. Amsa ta dawo: "In ta shafa tana da kyau, in ta wanke tana da kyau. Na san duka biyun."

Ta ci gaba da shafa hodarta a gidansu na Belbeji, mai haske a ƙasa, mai duhu a lanƙwasa, a murza har ta bi jiki. Wata rana ta shafa, wata rana ta fita haka nan. Kwalliya ba laifi ba ce, ƴan mata, ku yi abinku. Amma wanda zai zauna da ke har tsufa, ki bari ya ga fuskarki a wanke tun kafin wani ya gani ya kai masa labari. Ku kuma iyaye, ku taka ku gani da idonku kafin ku yanke wa ƴar mutane hukunci.

Hodar ta ƙare tun shekarar da suka haifi ƴarsu ta biyu. Akwatin yana nan a cikin kwallar Lantana, ba komai a ciki sai ɗan kurɓin da yatsanta ya yi. Rabon ƙarshe ma ba ita ta shafa ba. Iya Rahamatu ce ta zo wankan jego, ta zauna tana kallonta a gaban madubi, can ta waiga ta ga ba kowa, ta miƙo hannu ta ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan shafa mini a nan in gani, ƴata. Amma kar ki gaya wa yaron nan."