Akushin Depite Attahiru

Ni Arzika na riga kowa gani. Duk wanda ya ba ka labarin Depite Attahiru, a bakin mutane ya tsinta. Ni da idona na gani, ina kwance bisa dutse rana tana gasa mini baya. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, mai rubuta wannan ma bakina yake bi. Amma waɗanda suka yi mini dariya suna ƙarƙashin ƙasa, ni ina bisanta ina shan hura.

Attahiru ɗan Barmu ne kamar ni. Da aka sauke tutar Nasara ya sami kujera a majalisar Yamai, ya zama depite, ya dawo mana da babbar riga da ƙarti. Ya ga gonarmu ta fadama, ya so. Wana Ma'azu ya ce gado ce, ba ta sayarwa ba. Sai aka ce Ma'azu ɗan adawa ne. Ranar kasuwa ƙartin suka ɗaure shi jikin gawo, fuska ga rana, Attahiru yana cikin inuwa yana cin nama. Da aka kwance shi bai ƙara gane kowa ba. Kafin kaka muka rufe shi. Bisa kabarinsa na rantse: ni da abincin Attahiru har abada.

Da zaɓe ya matso, kujerar ta fara rawa. Ƙasarmu ta Adar ta gaji da shi, kuka ya kai Yamai, manyan jam'iyya suka fara zancen sauya shi da wani malamin lakwal ɗan Afala, Mushe Alhusaini (Mushe muke ce wa malamin boko), mai fara'a da kowa ke so. Lokacin jam'iyya guda ce: wanda ta tsayar ya ci, wanda ta ajiye ya zama tsumma. Attahiru kuwa ya san ranar da ya sauka, akwai irina da yawa suna jira.

Tunda na rasa gona, awakin mutane nake kiwo a duwatsun arewa da Barmu. Wata rana tsaka na ga mota ta tsaya gindin dutse. Attahiru ya fito shi kaɗai, yana jan baƙin bunsuru, akushinsa na cin tuwo a hammata. Na san inda za shi: kogon Habi, tsohuwar da ko masu yanka wa duwatsu suke kauce wa hanyarta. Na rarrafa na kwanta bisa tsagar dutsen ina leƙe.

Cikin kogon ba iska. Ƙasa ta yi baƙi da jinin shekaru, amma ko ƙuda guda bai sauka ba. Tukwane a kife jikin bango, ƙahoni da gashin ungulu suna rataye. A tsakiya akwai turmi da aka binne rabinsa, bakinsa shafe da toka da man shanu. Habi tana zaune gefensa kamar busasshen itace.

Ta ce, “Cire takalmi, depite. Nan ba majalisa ba ce. Mi ka so?”

“Iya, kujerata nake so ta zauna. Da dukiyar da za ta rufe bakin Yamai.”

“Bunsurun nan na gaisuwa ne. Mai turmi, iskan da ke cikin nan, ba ya cin akuya. Cikin akushinka zai zauna. Duk hannun da ya shiga ciki ban da naka, arzikin mai hannun da farin jininsa su dawo gare ka. Mai hannun kuma na mai turmi ne.”

“Kowa da kowa?”

“Ba ya tambayar suna.”

“In na gaji fa?”

“Kai ne mai gajiya. Ranar da akushi ya rasa baƙon hannu, ya san hannun da ke kusa.”

Attahiru ya yi dariya. Har yau ina jin dariyar nan. Ya ce, “Iya, maƙiyana sun ishe shi har ya tsufa.”

Ta juya bunsurun yamma, ta yanka ba bismillah. Jinin ya zuba cikin turmi, na ji turmin yana haɗiya kamar maƙogwaron raƙumi. Ta tsoma akushin ciki, ta fito da shi a bushe.

Ban ɓoye ba. Na faɗa a kasuwar Barmu, aka ce baƙin cikin Ma'azu ya taɓa mini kai. Na taka da ƙafa har Tawa, na sami Mushe Alhusaini bakin lakwal, na ce, “Mushe, in depite ya kira ka cin tuwo, kada ka sa hannu.”

Ya dafa kafaɗata ya ce, “Baba Arzika, wannan zamani ya wuce. Kuma babba ya ce mini bismillah gaban jama'a in ƙi? Mi za a ce da ubana?”

Attahiru ya kira shi sulhu a zaure, suka ci akushi guda, mutane suna sa albarka. Ba a jima ba hannun Mushe na dama ya fara bushewa kamar kara. Harshensa ya yi nauyi, waɗanda ke binsa suka koma bin Attahiru. Ranar da aka kai shi makwanci, Yamai ta aiko cewa depite yana nan bisa kujerarsa. Aka yi zaɓe, aka yi guɗa.

Sai dukiya ta ɓarke. Manyan motoci, garken shanu har Bambai, gidan siminti da kwano tsakiyar Tawa. Kullum zaure cike: fatake, masu gari, dillalan dabbobi. Wanda ya zaɓa ya ce masa, “Matso kusa, mu ci tare.” Mutum ya koma gida yana alfahari ya ci da depite, hannu ya bushe, garkensa ya ƙare a wurin Attahiru.

Ni ma ya aika aka kawo ni. Ya ce, “Arzika, abin da ya wuce ya wuce. Wanke hannu.”

Na dubi akushin, na dube shi. Na ce, “Depite, kwanto Ma'azu daga jikin gawo tukuna, sai mu ci mu uku.”

Ƙartinsa suka fitar da ni da mari. Da hannuna biyu na fita, ga su nan.

To ga inda wayonsa ya ƙare. A ƙasarmu maigida ba ya suɗe akushi. Yakan bar ragowa, a mayar cikin gida, yara su ci albarkar ubansu. Attahiru bai taɓa taka madafa ba, bai taɓa tambayar inda akushi ke zuwa in an ɗauke shi daga gabansa ba. Matarsa Hajaratu kuwa, don so, ragowar nan mai nama ba ta ba barori. Ɗiyanta maza da mata take kira, da tsohuwar da ta haifi Attahiru.

Mai turmi ba ya gaggawa. Ya fara da Yunusu, babban ɗan da ake shirin kai wa karatu Yamai. Ya bi da tsohuwa. Sannan Safi, auta, wadda ke suɗe akushin da yatsa. Wurin wankan gawar Safi ne Hajaratu ta ga hannun, ta tuna hannuwan baƙin zaure. Ta fito gaban masu gaisuwa ba mayafi, tana ihu, “Attahiru, mi ka sa cikin akushin nan? Ni na ba su! Da hannuna na ba su!” Daga ranar hankalinta ya tafi. Shekaru tana yawo kasuwar Tawa tana kaɓe abinci daga hannun yaran mutane.

Ya jefa akushin wuta, ya jefa shi rijiya. Lokacin cin tuwo na yi, sai ga akushin a zaure cike da tuwo, yana tururi. Yanzu kowa ya yarda da mahaukacin Barmu. Zaure ya watse, barori suka gudu, masu motoci suka tafi da motocin. Sai ya koma zama ƙofar gida da akushi, yana tarar baƙin da ba su sani ba: Buzu da ya sauko daga arewa, matafiyin da ya fito tasha.

Ni kuwa na bar awaki, na shimfiɗa buzuna gindin bedi, itacen dogon yaro, daidai ƙofarsa. Ya ce wa baƙo, “Bismillah,” in ce, “Bawan Allah, wuce. Gawa ce ciki.” Ban yi fashi ba ko rana guda.

Ba mai ba shi ko ƙwayar hatsi, abinci sai na akushin, shi kuwa yana tsoron sa hannu ba baƙo. Ya rame har babbar riga ta zama masa likkafani. Rannan da tsakar rana ya ɗago kai ya ce, “Arzika, ɗan'uwa, loma guda. In mayar maka da gonar.”

Na kurɓi hurata na ce, “Rana ta yi zafi, depite? Haka ta yi wa Ma'azu.”

Yunwa ta sa ya tura nasa hannun. Bai fito ba. Ina kallo ya bushe daga yatsu zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa wuya, bakinsa a buɗe ba murya. Kujerar da ya roƙa ta zauna kuwa: yana depite ya mutu, aka rasa mai wanke shi.

Ku masu neman kujera, ku ji da kyau. Abin da ka girka wa ɗan wani, ƙofar gidanka zai bi ya shiga, kuma ba ya tambayar suna.

Wanda ya ce ƙarya nake, gidan yana nan, kwanon ya rufta, akushin yana zaure, ko gara ta ƙi shi. Ya zo ya same ni gindin bedi. Hatsin nawa ne, miyar ma ni zan saya. Shi dai ya wanke hannu ya yi loma guda, ina kallo.