Carki da Gyambon Bijimi

Jama'a, tun da aka halicci fukafukai ba a taɓa zaluntar tsuntsu kamar ni ba, ni Carki mai jan baki, adon garke!

A can wani zamani na tarar da wani bijimi, kaska ta addabe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, in hau?"

Ya ce, "Ban san halinka ba, amma hau. Ka ci kaska, ka bar fata."

Na ci kaska, na bar fata. Ni na ƙoshi, shi ya sami barci.

Ran nan na ga ɗan gyambo a tozonsa. Da yake ni mai tausayi ne, na duba masa da baki. Kai, ashe jini da daɗi! Na ƙara dubawa.

Sai ji na yi fyaɗ! Wutsiya ta watsa ni cikin kashin shanu.

Tun daga nan kaska ke ƙiba, ni ina ramewa, shi yana ta susa a jikin bishiya.

Da ƙaiƙayi ya ishe shi ya ce, "Carki, za ka bar fata?"

Na ce, "Sosai, ranka ya daɗe. Af, gyambon nan dai bai warke ba ko?"

Fyaɗ! Kun ji zalunci!