Ƙaiƙayi a Cikin Laka

Da safiyar Talata Inna ta kankare lakar da ta gani manne a gindin bishiya, sai fartanya ta suɓuce mata. An zagaye ɓawon da wuƙa an ɗaye shi, sannan an shafe wurin da laka don kada a gani. Duka goma sha biyun da ke bakin rafi haka aka yi musu. Ashe shi ya sa ganye ke ta zuba tun makon jiya.

Wani sajan na 'yan sanda ya iso wajen hantsi. Mutum ne mai jan ƙafa, amma idonsa ba ya barci. Inna ta miƙa masa takardar hayar gonar.

"Duba sashe na bakwai, ɗana. Marigayi maigidana ne ya dasa su."

Sashen ya ce bishiyoyin ne ke riƙe gaɓar rafi kada ruwa ya cinye gonakin ƙasa. Ranar da suka mutu, haya ta ƙare, gona ta koma hannun mai ita. Shekara ashirin ke nan Inna na ci da jikokinta daga wannan gona.

Sajan ya fara bincike da mai gawayi.

"Yallaɓai, ni in na kashe itace, ɗauke shi nake yi. Wa zai yanka rago ya bar naman a tsaye?"

Ya wuce wurin mai sassaƙen magani.

"Gefe guda muke sassaƙa, mu bar gefe. Wanda ya zagaye ɓawo ai kasuwarsa ya kashe."

Mai gonar kuwa wata uku ke nan yana kwance a asibiti. Sajan ya koma bakin rafi, ya murmushe busasshiyar lakar a tafinsa. Sai ga ƙaiƙayi a ciki, an kwaɓa shi lilis.

Bai tsaya ko'ina ba sai wurin ƙanen mai gonar, wanda ke buga tubali. Ramin lakarsa ya kai ga dutse, rabin ma'aikatansa na zaune.

"Yaushe rabonka da gonar Inna?"

"Me zai kai ni?"

"Lakar da ke ƙarƙashinta." Sajan ya buɗe tafinsa. "Manomi in zai rufe rauni, ƙasar da ke ƙafarsa yake ɗiba. Kai kuwa sai da ka zuba ƙaiƙayi don kada ta tsage. Hannu ya saba. Hali zanen dutse."

Mai tubali ya daɗe yana kallon ƙaiƙayin, sannan ya zauna a kan turmi.

"Mutum takwas ke ci a ƙarƙashina, Yallaɓai."

Aka sa masa ankwa. Washegari Sajan ya raka Inna wurin lauya, yana jin ya yi abin kai. Lauyan ya karanta sashen sau biyu, ya cire tabarau.

"Takarda ba ta ce wa ya kashe ba, Inna. Cewa ta yi in sun mutu. Za mu je kotu, amma a irin wannan shari'a shekara biyu ba ta da yawa."

Damina kuwa saura sati uku, kuma ruwa ba ya jiran alƙali. Sajan ya ji kunya ta rufe shi, kamar shi ya riƙe wuƙar.

A bakin ƙofa Inna ta gyara mayafinta.

"Na gode, ɗana. Amma faɗa mini, in sun ɗaure shi, bishiyoyin za su yi ganye?"

Ba ta jira amsa ba. Ta wuce gona ta ba su ruwa, kamar kullum.