Kwana Uku Kacal

"Sake ni, Inna! Na ce takaba za ni yi!"

Taiba ta fizge 'yan kunnenta ta watsar a tsakar gida. Mahaifiyarta, Inna Marka, ta rungume ta ta baya.

"Ki ji tsoron Allah, ɗiyata! Wa ya ɗaura miki aure da shi? Takaba ta matar aure ce."

"Shekara uku ina jiran shi, Inna... shekara uku!"

Da hantsin nan labari ya iso Birnin Tudu daga Talata Mafara: Kofur Hayatu ya rasu a faɗan bakin Tafkin Chadi.

A bakin kwatar ruwan Bakolori suka fara haɗuwa, tana wanki, shi kuma ya zo hutu. "Taibata," yake ce mata, "hasken idona, ki ƙara haƙuri. Baba zai sauko."

Baba Jatau, mahaifin Taiba, bai sauko ba. Madatsar ruwa ta ci gonarsa, kuma ranar da masu kaki suka buɗe wa manoma wuta, a hannunsa ƙanensa ya cika. A wurinsa duk kaki ɗaya ne. Sai Falalu, ɗan 'yar'uwarsa da ya daɗe yana son Taiba, ya rantse masa cewa da idonsa ya ga Hayatu cikin masu harbin. Sau biyu iyayen Hayatu suka zo neman aure, sau biyu Baba Jatau ya naɗe tabarma.

Bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Taiba ta laɓe a bayan zana. Wani soja ne mai dogara sanda, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe.

Suka gaisa, da gida, da gajiya, da ruwa, da jama'a. Baba Jatau yana amsawa yana kallon gefe. Falalu na zaune kusa da shi.

"Sunana Jibrin, Baba, mutumin Damaga. Tare da Hayatu munka shiga soja."

"Mi ya kawo ka?"

"Ƙafa ɗaya na baro can. Da ba don shi ba, da duka na zauna."

Ya sauke numfashi.

"Kwanton ɓauna anka yi muna cikin ciyawar tsibiri. Mu huɗu munka faɗi. Kwalekwale na bakin ruwa, ofisa ya ce a janye. Hayatu ya riga ya shiga, Baba, ya tsira! Sai ya ji ihuna. Ya diro, ya goye ni kamar jariri, harsashi na zuba. Ya koma ya ɗauko na biyu. Ya koma ya ɗauko na uku. Munka riƙe mashi riga, ya ce saura ɗaya..."

Ya gyara riƙon sandarsa, ya ci gaba.

"Na huɗun nan kullum faɗa suke, ko gaisawa ba su yi. Ya turo shi cikin kwalekwale, shi kuma Hayatu harsashi ya same shi, ya faɗi a ruwa."

Falalu ya taɓe baki. "Wanda ya harbi manoma, ko ɗari ya ceto..."

"Wane manoma?" Jibrin ya juyo. "Ranar da anka yi abin garin ga, ni da shi muna Zariya wurin horo, gado na kusa da gado. A rediyo munka ji. Kwana biyu bai ci abinci ba. Kai, ina ka gan shi?"

"To... daga nesa ne. Kaki na gani."

"Kaki ka gani," Baba Jatau ya maimaita a hankali. "Alƙur'ani ka dafa mini, Falalu."

Falalu ya lalubi takalmansa ya fice.

Taiba ba ta san lokacin da ta fito ba, ko mayafi babu. Ta durƙusa gaban Jibrin.

"Malam, don Allah... ya ambace ni? A ƙarshe?"

Ana ganin yadda Jibrin yake auna abin da zai faɗa.

"Ba ni yi miki ƙarya, ƙanwata. Bai samu lokaci ba. Abin da ya ce mini shi ne, riƙe wuyana da kyau. Amma kafin ranar, babu wanda bai san Taiba ba a cikinmu. Har tsokanar shi muke, muna ce mashi angon jira."

Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye ta koma kuka.

"Baba," ta juya ga mahaifinta, "ka bar ni in yi mashi takaba. Ban taɓa roƙon ka komi ba sai shi. Ka hana ni shi da rai... kada ka hana ni wannan."

Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ba ni da ikon ba ki, Taiba. Shari'a kwana uku ta ba wadda ba mata ba. Da na amsa ma iyayenshi, da yau kina da wata huɗu da kwana goma, ba mai tashin ki." Hawaye ya bi gemunsa. "Ni na cinye miki su. Ki gafarta mini."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"To ba ni ukun," ta ce. "Amma a ɗakin uwarshi."

Shi da kansa ya raka ta Mafara. Ya durƙusa a ƙofar gidan da ya kori mutanensa sau biyu, ya yi ta'aziyya, ya ce a gaban jama'a: "Ɗanku namiji ne. Ni na zalunce shi."

Gwaggo Hauwa'u, mahaifiyar Hayatu, ta zaunar da Taiba a gefenta, daidai inda matar ɗa take zama. Masu gaisuwa suna shigowa suna cewa, "Ya haƙuri?" ita ma tana amsawa. Kwana ɗaya. Kwana biyu. Kwana uku.

Da safiyar na huɗu tsohuwar ta ɗauko tandun kwalli.

"Taso, ɗiyata. Kwananki sun cika."

"Gwaggo, ko yini ɗaya..."

"A'a. Ba mu saɓa ma Allah da sunan Hayatu."

Taiba ta ɗaga fuska. Tsohuwar ta zizara mata kwallin, hawaye ya wanke shi. Ta goge da bakin zanenta, ta sake zizarawa.